Nana Asma'u 'Yar Shehu da Ƙungiyar 'Yan Taru

Gabatarwa

Na yi shekaru masu yawa ina koyar da tarihi a makarantun ƙasar Daura, kuma duk lokacin da na ce wa yara su faɗa mini sunan wata mace da ta yi shugabanci a ƙasar Hausa, amsa biyu nake samu, wato Daurama da Sarauniya Amina ta Zazzau. Daga nan sai aji ya yi tsit. Idan kuwa na ce su kawo sunan wadda ta tara mata ta kafa musu ƙungiya, sai su shiga lissafo matan gwamnoni da na shugabannin ƙasa. Wannan ya nuna mini cewa yaranmu sun tashi da zaton ƙungiyar mata baƙuwar aba ce wadda boko ya zo da ita. Laifin kuwa namu ne, mu malamai da iyaye, domin ba mu ba su labarin ba.

Ni kaina a bakin kakata na fara jin waƙoƙin wa'azi, tana zaune a ƙofar ɗaki da mazari tana kaɗi. Ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, amma ta san farillan alwala da na salla, ta san tarihin Manzon Allah (SAW) daga haihuwa har wafati, duk a waƙe. Sai da na girma na fahimci cewa wannan hanya ta karantar da matan karkara da waƙa akwai wadda ta tsara ta, ta naɗa mata shugabanni, ta kuma bar ta a raye bayan ranta. Ita ce Nana Asma'u, 'yar Mujaddadi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Allah Ya ƙara musu yarda. Tarihinta da na ƙungiyarta ta 'Yan Taru shi ne abin da zan kawo wa mai karatu a nan.

Shugabancin Mata Kafin Jihadi

Kafin a gane girman aikin Nana, ya kamata a san irin ƙasar da ta tarar. Mu mutanen Daura ba ma buƙatar a gaya mana cewa mace na iya riƙe jama'a, domin tarihinmu na baka ya fara ne da jerin Magajiyoyi tun daga Kufuru har zuwa Daurama, wadda a zamaninta aka ce Bayajida ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu. Bayan mulki ya koma hannun maza, sarautar Magajiya da ta Iya ba su mutu ba. Bature M. G. Smith, wanda ya rubuta littafi a kan sarautar Daura aka buga shi a 1978, ya nuna irin ƙarfin faɗa a ji da Magajiya take da shi a fada. Haka nan a Gobir akwai Inna, a wurin Katsinawan da suka kafa Maraɗi akwai Iya, a Barno kuma akwai Magira. Innar Gobir 'yar gidan sarauta ce, ita ce shugabar matan ƙasa kuma uwar 'yan bori, wadda mata ke kai wa kukansu idan ciwo ko rashin haihuwa ko rikicin gida ya dame su.

Ta fuskar ilmin addini kuwa, an bar mata a baya ƙwarai. Shehu da kansa ya soki malaman zamaninsa a littafinsa Nurul Albabi, saboda suna karantar da almajirai a zaure alhali matansu da 'ya'yansu mata na cikin gida ba su san hukuncin tsarki da salla ba. Malam Abdullahi na Gwandu ya ba da labari a Tazyinul Waraƙati cewa wajen shekarar 1786, suna cikin rangadin wa'azi a Zamfara, sun sauka a wani wuri da ake kira Daura, wanda masana da dama ke ganin wani gari ne a can Zamfara mai suna irin namu. A nan wani malamin Barno, Mustafa Gwani, ya aiko wa Shehu da baitoci yana sukar yadda mata ke halartar wa'azinsa. Shehu ya umarci Abdullahi ya ba shi amsa, shi kuwa ya nuna masa cewa barin mata cikin jahilci ya fi fitowarsu neman ilmi cikin sutura muni. An yi wannan muhawara tun ba a haifi Nana ba, amma ita ce ta share mata hanya.

Haihuwarta da Tasowarta

An haifi Nana Asma'u a Ɗegel a shekarar 1793. Tagwaye aka haife su, ita da ɗan'uwanta Hassan. Bisa al'ada da Usaina za a sa mata, amma Shehu ya raɗa mata sunan Asma'u, 'yar Sayyidina Abubakar. Sunan mahaifiyarta Maimuna, wadda ta rasu tun Nana na ƙarama, sai sauran matan Shehu suka ci gaba da riƙonta. Gidan da ta tashi gida ne da karatun mata ba sabon abu ba ne, domin iyayen Shehu mata da matansa da manyan 'ya'yansa irin su Hadiza duk ma'abota ilmi ne. A haka ta haddace Alƙur'ani, ta karanci fiƙihu da tauhidi da tasawwufi, ta kuma iya harsuna huɗu, wato Larabci da Fillanci da Hausa da Buzanci.

Tana 'yar shekara goma sha ɗaya aka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu, cikin watan Fabrairu na 1804. Ta ga murnar nasarar Tafkin Kwatto a wannan shekara, ta kuma ga baƙin cikin Tsuntsuwa, inda aka rasa mutane masu yawan gaske, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani wajen 200. Ta sha yunwa da tafiyar ƙasa tare da sauran mata da yara, daga wannan zango zuwa wancan, har jama'a suka zauna a Gwandu. A 1808 birnin Alƙalawa ya faɗi, a 1809 kuma Muhammadu Bello ya kafa Sakkwato. Wato dai ƙuruciyarta duka cikin yaƙi ta yi ta, ta san abin da yaƙi ke bar wa mata, domin da idonta ta gani.

Aurenta da Rubuce-rubucenta

An aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, aminin Bello, wanda ya zama Wazirin Sakkwato bayan rasuwar Shehu a 1817. Gidan Waziri a lokacin shi ne masaukin manyan baƙi, kuma ta nan wasiƙun sarakuna ke shiga su fita. Bature Kilafatan, wanda ya zo Sakkwato a 1824 ya kuma dawo a 1826, a hannun Giɗaɗo ya sauka. Saboda haka Nana ta zauna a inda labarin daula duka yake taruwa. Allah Ya ba su 'ya'ya maza, cikinsu har da Abdulƙadir wanda ya gaji mahaifinsa a wazirci, kuma a zuriyarsu sarautar Wazirin Sakkwato ta zauna.

A 1820 ta rubuta Tanbihul Gafilina da Larabci, tana da shekara ashirin da bakwai. Daga nan ba ta ajiye alƙalami ba har ƙarshen rayuwarta, kuma abin da ya iso gare mu na ayyukanta ya kai wajen 60. Wanda ya duba su zai lura cewa takan zaɓi harshe gwargwadon wanda take so ya ji. Idan da malamai take magana, kamar malamin nan na Shingiɗi da suka yi musayar baitoci, sai ta yi da Larabci. Idan da dangi da jama'ar Shehu ne, sai ta yi da Fillanci. Idan kuwa talakawa take nufi, musamman mata, sai ta yi da Hausa. Daga cikin na Hausa akwai Goɗaben Gaskiya, da Tawassuli ga Mata Masu Albarka inda ta jero salihan mata tun daga iyalan Manzo har zuwa matan zamaninta, da kuma wadda ta jera sunayen surorin Alƙur'ani a waƙe domin mai koyo ya riƙe su cikin sauƙi. Ƙanenta Isa, autan Shehu, wanda aka fi sani da Isan Kware, ya mayar da wasu waƙoƙinta na Fillanci zuwa Hausa, cikinsu har da Waƙar Gewaye mai ba da tarihin jihadi zango-zango. Bayan rasuwar Bello a Wurno a 1837, ita da mijinta suka duƙufa wajen tattara littattafan Shehu da na Bello da rubuta tarihinsu, don kada su salwanta.

Dalilin Kafa 'Yan Taru

Cin ƙasa da takobi daban, zaunar da ita daban. Bayan yaƙe-yaƙe, garuruwa da ribaɗoɗin da Bello ya kafa sun cika da mutane iri-iri. Akwai matan da mazansu suka mutu a fagen fama, akwai marayu, akwai kuma dubban matan da aka kamo daga Gobir da Zamfara da Kabi aka shigar da su gidaje a matsayin bayi ko ƙwaraƙwarai. Waɗannan mata sun rabu da danginsu da garuruwansu, abin da suka taho da shi kawai shi ne bori, kuma su ne za su yi renon 'ya'yan da za su gaji daular. A gefe guda kuma Gobirawa da Katsinawan Maraɗi ba su daina kawo hari ba, kamar yadda yaƙin Gawakuke na 1836 ya nuna.

Nana ta gane cewa doka kaɗai ba ta raba mace da bori, domin wurin 'yan bori take samun magani da lallashi da abokan zama. In ana so ta bari, sai an ba ta abin da ya fi shi. Sa'an nan kuma akwai wata matsalar: matar aure mai goyo a ƙauye ba ta da halin barin gida ta tafi birni karatu, malamin zaure kuma ba ya shiga wurinta. Tun da ɗaliba ba za ta iya zuwa makaranta ba, sai Nana ta nemi hanyar da makaranta za ta je wa ɗaliba. Wannan shi ne asalin 'Yan Taru, wadda ta kafu sosai a ƙarshen zamanin Bello da shekarun da suka biyo baya.

Yadda Aka Tsara Ƙungiyar

A kowane ƙauye akan sami dattijuwa mai hankali da riƙon amana, wadda jama'a suka yarda da ita, a naɗa ta shugaba. Sunan wannan shugaba jaji, kalmar da aka aro daga fatake, domin jaji shi ne mai jan gaban ayari. Nana da kanta take naɗin: takan ba jaji malfa, ta naɗa wa malfar jan rawani. A nan ne hikimarta ta fi fitowa fili, domin malfa tana cikin kayan da aka san Innar Gobir da su. Duk macen da ta hango jaji tafe da malfa ta san shugabar mata ce ke zuwa, ba sai an yi mata bayani ba. Wato Nana ba ta rushe kujerar da mata suka saba da ita ba, sai ta ɗora malama a kanta.

Idan an gama aikin gona hanya ta bushe, jaji takan tara ayarinta. Waɗanda ke tafiya su ne 'yan mata da ba su isa aure ba da kuma dattijai mata da suka gama haihuwa, su ne wakilan matan auren da suka rage a gida. Sukan taho a ƙasa, wasu tafiyar kwana da kwanaki, suna rera waƙoƙin da suka koya a bara. Sukan riƙo sadakar da matan ƙauye suka tara, kamar hatsi da zuma da man shanu da zare, Nana kuwa takan rarraba wa miskinai da marayu da marasa lafiya. A gidan Waziri take zaunar da su, ta biya musu sabuwar waƙa baiti-baiti har ta zauna, ta warware musu ma'anarta, ta saurari tambayoyin da aka aiko su da su a kan tsarki da idda da gado da zaman aure, ta ba da amsa. Ta kan shafa kan 'yan matan ta sa musu albarka, sa'an nan ayari ya juya gida.

Da sun koma sai aikin ya fara. Jaji da mutanenta sukan bi gida-gida suna koya wa matan kulle abin da suka ɗauko. Su ne masu wankan gawar mata yadda shari'a ta ce, su ne masu sasanta kishiyoyi da ma'aurata, da duba mai jego da majinyaci, da share masallaci. Mai karatu zai ga dalilin da ya sa aka zaɓi waƙa: takarda tana da tsada a wancan zamani, masu karanta ta kuma kaɗan ne, amma waƙa ba ta buƙatar fitila, ana iya yin ta a bakin turmi ko a wurin kaɗi, kuma ma'aunin baiti yakan tsare kalma daga sauyawa. Babbar shaidar cewa Nana ta ɗauki waɗannan mata da daraja ita ce marsiyyar da ta yi wajen 1858 ga wata jaji mai suna Hauwa'u, inda ta yaba yadda take kawo mata shekara da shekaru ba gajiya. Alƙalamin da ya yi alhinin Sarkin Musulmi Bello shi ne ya yi alhinin wannan baiwar Allah ta ƙauye.

Kishin Ƙasa a Aikinta

Aikin Nana bai tsaya ga alwala da salla ba. Ta so matan su san cewa su 'yan wata al'umma ce mai tarihi da manufa, shi ya sa ta waƙe tarihin hijira da yaƙe-yaƙe da sunayen wurare da na mutane. Amma kishinta bai zama na yabon masu mulki ido rufe ba. A 1831 ta mayar da waƙar Shehu ta Fillanci zuwa Hausa, wadda aka sani da Tabbat Haƙiƙa, daga baya kuma Isa ya yi mata tahamisi. Waƙar gargaɗi ce ga sarki azzalumi, da alƙali mai cin hanci, da mai ƙwace gonar talaka, da mai tauye mudu a kasuwa. A lura da lokacin da ta yi wannan aiki: ɗan'uwanta ne Sarkin Musulmi, mijinta ne Waziri, amma ta ɗauki ma'aunin da za a auna masu mulki ta sa shi a harshen da talaka ke ji.

A nan ya kamata in faɗi wata gaskiya da ta shafe mu. Jihadi ya zo wa gidan sarautar Daura da ɗaci. Wajen 1805 Malam Isiyaku ya karɓi birnin, Sarkin Gwari Abdu ya fita, zuriyarsa suka zauna a Zango da Ɓaure, sai a farkon zamanin Turawa aka dawo da Malam Musa gadon kakanninsa. Na san dattawan da har suka koma ga Allah ba su son a yawaita yabon Sakkwato a gabansu, kuma ban ga laifinsu ba. Amma ko su ba su hana matansu rera waƙoƙin wa'azi ba. Jajin Nana sun fi yawa ne a ƙauyukan da ke kewaye da Sakkwato da Wurno, amma waƙoƙin sun bi almajirai da fatake da amare sun wuce inda ƙafar jaji ta tsaya. Ilmi bai tambayi wanda ya ci yaƙi ba.

Rasuwarta da Magadanta

Nana Asma'u ta rasu a 1864 tana da shekara saba'in da ɗaya, aka rufe ta a Hubbare kusa da mahaifinta. Mutanenta sun kira ta Inna, sun kuma kira ta Uwar Gari. Ƙungiya takan mutu da mai ita idan a kansa kaɗai aka gina ta, amma 'Yan Taru ba ta mutu ba. Ƙanwarta Maryamu, wadda ta auri Sarkin Kano Ibrahim Dabo ta kuma koma gida bayan rasuwarsa a 1846, ita ta karɓi ragamar, bayanta kuma Tamodi ta ɗauka. Turawa sun ci Sakkwato a 1903, sun sauya sarauta da haraji da shari'a, amma ayarin mata bai fasa zuwa ba.

Wata Baturiya malamar makaranta, Jean Boyd, wadda ta daɗe a Sakkwato, ta tarar da masu riƙe da sarautar jaji da ransu, ta zauna da su. Waziri Junaidu, ɗaya daga cikin zuriyar Nana, wanda ya rasu a 1997, shi ya buɗe mata taskar littattafan gidansu. Ta fitar da tarihin Nana a 1989, sa'an nan ita da Beverly Mack suka tattara ayyukanta suka buga a 1997. Ta wannan hanya sunanta ya kai ƙasashen waje, har wasu Musulmi mata a Amurka suka kafa halƙoƙin karatu da sunan 'Yan Taru.

Ƙungiyoyin da Suka Biyo Baya

A ƙarni na ashirin matan Arewa sun sake kafa ƙungiyoyi da sabon salo. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta ja ragamar matan jam'iyyar NEPU, ta sha ɗauri a kan neman 'yancin mata na jefa ƙuri'a. A 1963 aka kafa Jam'iyyar Matan Arewa a Kaduna, wadda Hajiya Laila Dogonyaro na cikin waɗanda suka yi mata hidima tun farko. A 1985 aka kafa FOMWAN a Minna, Hajiya A'isha Lemu ta zama Amira ta farko. 'Yan'uwanmu Kirista kuma suna da Zumuntar Mata a majami'unsu, masu anko da waƙoƙin Hausa, masu ziyarar majinyata da taimakon gwauraye da marayu. Kowace da asalinta da aƙidarta, ban ce daga 'Yan Taru suka fito ba. Sai dai wanda ya duba zai ga ginshiƙan iri ɗaya ne: shugaba daga cikin matan unguwa, alamar da ake gane ta da ita, karo-karo don mabuƙata, da karatu a harshen gida. Nana ta haɗa waɗannan duka fiye da shekara ɗari kafin a ba Nijeriya mulkin kai.

Kammalawa

Na taɓa zuwa wani ƙauye roƙon wani magidanci ya bar 'yarsa ta gama firamare, ya ce mini karatun mace ba gadonmu ba ne. A ranar ban iya ba shi amsa mai gamsarwa ba, yarinyar kuma ba ta dawo aji ba. Har yau abin yana damuna, domin amsar tana cikin tarihinmu, ni ne ban riƙe ta a hannu ba.

Don haka ina roƙon 'yan'uwana malamai, idan an zo darasin jihadi kada a tsaya ga Shehu da Abdullahi da Bello, a ba yara labarin Nana da jajinta da malfarsu. Ina kuma roƙon dattawa su duba gafakar da suka gada, domin akwai waƙoƙin ajami a gidajenmu da gara ke ci. Duk wanda yake da tsohuwa a gida mai rera waƙoƙin wa'azi, ya sa jikokinta su zauna su rubuta, ko su naɗa a waya, tare da sunan wadda ta koya mata da garin da ta fito. Ni ban yi haka da kakata ba, ta tafi da abin da ta sani.

Allah Ya jiƙan Nana Asma'u da Maryamu da Hauwa'u da sauran matan da suka taka ƙasa don ilmi, Ya jiƙan iyayenmu da kakanninmu, Ya sa mu cika da imani, amin.